Dariyar Fusae Mai Awara

A layin kasuwarmu da ke kudancin Osaka babu wanda zai ce maka ya taɓa ganin haƙoran Goggo Fusae mai awara. Ba faɗa take yi ba, ba ta ma ɗaga murya. Fuska ce kawai gare ta wadda ba ta motsi. Shekararta tamanin da uku, gajeriya ce, ta ɗan ranƙwafa, hannuwanta jajur saboda ruwan sanyin da take tsamo awara a ciki tun kafin a haifi rabin masu shagunan layin. Sai ka je mata da labarin da ya sa mai kifi ya kusa shiɗewa don dariya, ta saurare ka har ƙarshe, sannan ta dube ka ta ce, "Guda nawa za a sa maka?"

Kenzo mai aski, wanda shagonsa ke fuskantar nata, shekara hamsin da huɗu ya yi yana kallon wannan fuskar, don a saman shagon aka haife shi, ubansa ma askin yake yi. Har ya yi furfura bai daina gyara tsayuwa ba in ta kira shi. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "ɗan wanzami".

Shi Kenzo ciwonsa ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: wani wasan barkwanci na talabijin mai suna Layin Bayan Tasha, wanda aka daina tun yana saurayi. In ka zauna a kujerarsa ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, to ka shiga uku, don ba inda za ka sai ka sha labari. Zai gaya maka yadda ake tashinsu daga makaranta ranar Asabar da tsakar rana, su kwaso a guje jakunkuna na dukan bayansu. Ya watsar da takalma a bakin ƙofa, uwarsa ta turo masa kwanon taliya gaban akwatin talabijin, ubansa ya bar mutum da kumfa a rabin fuska ya leƙo ta labule, shi ma mutumin ya biyo shi da kumfarsa. Layin gaba ɗaya ya yi tsit, can sai ka ji dariya ta tashi daga kowane shago a lokaci guda.

Gwaninsa a wasan shi ne Genroku, mai fitowa a matsayin mai raba wasiƙu. Ba shi ne babban ɗan wasan ba, amma yana da abu ɗaya da ba mai iya shi sai shi. Zai kai wasiƙa gidan da ba nan ba, ya sunkuya ya ba da haƙuri. Maigidan ya sunkuya masa, shi kuma ya ƙara yin ƙasa, har ya kai inda ba zai iya ɗagowa ba. Sai ya maƙale a haka, ƙugu a sama, wasiƙu na zubowa ɗaya bayan ɗaya daga jakarsa. Ya daɗe, ya daɗe, sannan ya buɗe ido ɗaya ya leƙa ko an tafi.

To, tun yana a sunkuyen nan, kowane mako, akwai wata mace cikin 'yan kallon da ke ɗakin ɗaukar shirin wadda dariyarta ke fara tashi. Ba a taɓa nuna fuskarta ba. Takan fara da wani "hi" siriri kamar an tsikare ta, ta yi shiru, sannan abin ya ɓalle mata tun daga ciki ya kwashi ɗakin baki ɗaya. Kenzo yakan rantse cewa ko zazzaɓi ne ya kwantar da shi, in ya jiyo dariyar nan ta bango sai ya dara, bai ma ga abin da aka yi ba. Gidan talabijin ɗin sun goge faya-fayan sun ɗora wasu shirye-shirye a kai, kamar yadda ake yi a zamanin, saboda haka babu abin da ya rage na wasan sai abin da ke kan irin su Kenzo.

Ranar Litinin masu aski ba sa buɗewa. Sau ɗaya a wata Kenzo yakan ɗauki jakarsa a ranar ya hau keke zuwa wani gidan kula da tsofaffi da ke ƙetaren kogi, ya yi musu aski. Wata Litinin a farkon bazara aka turo masa wani sabon tsoho a keken guragu, ɓarin jikinsa na hagu a shanye. Ya yi masa aski tas bai gane komai ba. Sai da tsohon ya sunkuyar da kai zai yi godiya, Kenzo ya ga yadda wuyan ya tafi ƙasa, sannu a hankali, kamar mai auna kowane taku. Almakashin ya faɗi daga hannunsa.

"Baba," ya ce, "ku ne? Ku ne mai wasiƙun nan?"

Tsohon ya ɗago ya dube shi. Maganarsa a hankali take fita, wani gefen bakin ba ya taya shi. "Da can ne. Yanzu ni aka kawo gidan da ba nan ba."

Kenzo ya yi dariya har da hawaye, kuma a nan ne ya jawo wa kansa. A shekarar shi ke cikin masu shirya bikin ranar girmama tsofaffi na unguwa, wanda ake yi a watan Satumba. Wata uku ya yi yana roƙon Genroku ya zo ya hau dandali, ko na minti goma ne. A ƙarshe tsohon ya ce to, sau ɗaya, na ƙarshe.

'Yar tsohon, Natsuko, ce ta tare Kenzo a bakin ƙofar gidan, fuskarta ba walwala. Ta ce, "Malam mai aski, ka san abin da ka ɗauko kuwa? Shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsa da dandali. Na ƙarshen da ya yi ba wanda ya ko murmusa, ya dawo gida ya yi wata uku ba ya magana da kowa. Yanzu ga shi ya hana kansa hutu, kullum yana gaban madubi. In aka sake yi masa shirun nan, ba zai ƙara tashi ba. Kai ka jawo, ka sani."

Daga ranar abinci ya daina yi wa Kenzo daɗi. Ya je ya ga gwajin da tsohon ke yi, ya tarar maganar na da daɗi amma tana jan ƙafa, kafin a kai ƙarshen zance mutum ya manta farkonsa. Ya ji tsoro sosai, kuma ba damar ya fasa.

Saura mako biyu ya bi shaguna yana manna takardar sanarwa mai hoton Genroku na da, da hular gidan waya. Da ya zo shagon awara, Goggo Fusae ta goge hannu a ƙyallen gabanta, ta karɓi takardar ta daɗe tana kallo.

"Kujera nawa za ku jera?"

"Ɗari, Goggo."

"Mutum nawa za su zo?"

"Kamar sittin."

"To ka kashe shi. Ka jera hamsin da biyar, a matse, kafaɗa na gogar kafaɗa. Kada a raba abinci sai ya sauka, mai tauna ba ya dariya. Ka rage hasken zauren, in mutum na ganin fuskar maƙwabcinsa kunya yake ji. Kuma kada ka sa manyan unguwa a layin gaba, waɗannan ko ɗaurin aurensu ba su yi dariya ba."

Kenzo ya saki baki. Tun da yake bai taɓa jin ta jera magana mai tsawon wannan ba. "Goggo, a ina kika san duk wannan?"

Ta mayar da hannu cikin ruwa ta ci gaba da yankan awara, ba ta dube shi ba. "A layi na uku, kujera ta huɗu daga hagu. Shekara ashirin da biyu."

A tsaye ya ji labarin, takardunsa a hammata. Tana da shekara talatin da ɗaya, wata rana a gidan wanka na unguwa wata ta faɗi abin dariya ta ƙyalƙyale. Da ta fito sai wata mata ta biyo ta da jiƙaƙƙen gashi, ta ce gidan talabijin na neman irinta. Mutanen da ake kwasowa su kalli ɗaukar shiri, da sun ga fitilu da na'urori sai su sandare, saboda haka ake ɗaukar mata biyar a warwatsa su cikinsu, sana'arsu ke nan su yi dariya. Mijinta ya yarda, don a lokacin shagon bai tsaya da ƙafarsa ba, amma da sharaɗi ɗaya: kada kowa a layin ya sani. Matar mai awara ta je ta wage baki a gaban jama'a ko hannu ba ta sa ta rufe ba? Ina zai sa kansa? Sai suka ce duk Alhamis, ranar ɗaukar shirin, tana zuwa garin Sakai duba wata ƙanwar babanta da ba ta da lafiya.

"Matar nan ta yi ƙoƙari," in ji Fusae. "Shekara ashirin da biyu tana jinya, ko sau ɗaya ba ta mutu ba."

Kenzo ya ji dariya ta taso masa, ya dubi fuskarta, ya haɗiye.

"Da Asabar ta farko ta zo na jiyo muryata na fita daga kowane shago, sai na gane ba ni da sauran dariya a layin nan. In na yi sau ɗaya an gano ni. Sai na ɗaure fuska. Da aka daina wasan, maigidan kuma ya rasu, na zo in kwance ta, ta ƙi kwantuwa."

Ta gaya masa yadda aikin yake. Ba fuskar ɗan wasa ake kallo ba, kafaɗarsa ake kallo, don a nan ake ganin numfashin da zai ja kafin ya saki magana. Ta ƙofar baya suke shiga, ta nan suke fita, kuma an hana su ko gaisawa da 'yan wasa. Ta je aiki da ciwon haƙori, ta je da tsohon ciki. Ranar Talata aka ƙone gawar uwarta bisa al'ada, ranar Alhamis tana kan kujerarta, kuma a ranar ma sai da mai shirin ya yaba mata.

Kenzo ya rasa abin da ke masa daɗi. Mamaki ya cika shi. Dariyar da ya girma da ita, wadda yake tunawa in duniya ta yi masa zafi, ashe aikin Alhamis ce.

"Ke nan duk ƙarya ce, Goggo?"

Sai a lokacin ta ɗago. "Kai ɗan wanzami, askin da kake wa mutane ƙarya ne don sana'arka ce? Mutane na son su yi dariya, izini kawai suke jira. Ni ke ba su."

Ya ajiye takardun ya sunkuya mata har goshinsa ya kusa taɓa bakin kwatarniyar. "To ki zo ki ba su, don Allah. Sau ɗaya tak. In suka yi masa shiru na kashe mutumin nan."

"Zuwa dai zan zo, ai ni ma tsohuwa ce, da rabona a shinkafar da za a raba. Amma wancan na ajiye. Kusan shekara talatin ban gwada ba, ban ma san ko tana nan ba. Matsa, kana tare mini masu saye."

Ranar bikin, da hantsi, tsofaffi sittin da biyu suka cire takalma suka shiga zauren unguwa. Kenzo ya bi duk abin da ta ce, har sai da aka yi ta gunaguni a kan matsi. Fusae ta zo da rigarta mai ruwan toka ta zauna inda ta samu, ta ɗora jaka a cinya, fuskar nan kamar kullum. Shugaban unguwa ya yi jawabinsa mai tsawo, ya ƙare da cewa baƙon nasu dattijo ne da ya sha jinya, a ba shi girmansa.

Suka kuwa ba shi. Da Natsuko ta turo Genroku ya miƙe a kan sanda, kowa ya gyara zama, baya a miƙe, hannuwa a kan gwiwa. Ya saki zancen farko, a kan abincin gidan tsofaffi, sai suka gyaɗa kai cikin tausayi. Ya saki na biyu, suka yi masa tafi, irin tafin ladabi da ake wa mai jawabi. Mutanen kirki ne, kowannensu ya sha kallon wasan mutumin nan, kuma a ganinsu rashin kunya ne a yi wa tsoho mai shanyayyen baki dariya. Kenzo na tsaye a gefe riƙe da labule, gumi na bin bayansa, yana kallon yadda muryar Genroku ke ƙara yin ƙasa. Ya dubi Fusae, ko motsi ba ta yi ba.

Can Genroku ya katse labarin. Ya miƙa wa 'yarsa sandar, ya ce, "Na ɓata muku lokaci. A yi mini afuwa." Ya sunkuya. Ya ƙara yin ƙasa. Ya ƙara. Sai ya tsaya cak a haka, hannunsa mai lafiya dafe da gwiwa, bai ɗago ba.

Zauren ya ɗauke wuta. Wata ta rufe baki da hannu, wani ya ce a kira motar asibiti. Shugaban unguwa ya miƙe, Natsuko ta yo taku ɗaya fuskarta ta yi fari. Shi kansa Kenzo, wanda ya fi kowa sanin wannan sunkuyon a duniya, ya saki labule zai ruga, don ya tabbata ciwon ne ya dawo. Har yau in ya tuna kunya yake ji.

"Hi."

Siririya ce, daga tsakiyar zauren. Mutane suka waiwaya a fusace su ga wace marar tarbiyya ce. Aka yi shiru na numfashi ɗaya, sannan abin ya ɓalle. Goggo Fusae ce, kai a baya, baki a wage, ba hannu a kai, dariyar nan na fitowa daga ɗan ƙaramin jikinta yadda take fitowa daga akwatin talabijin shekara arba'in da suka wuce, ba abin da ya ragu. Kenzo ya ga fuskokin tsofaffin nan suna sauyawa ɗaya bayan ɗaya, har mai kifi ya miƙe yana nuna ta da yatsa yana cewa, "Ita ce! Kai jama'a, ita ce!"

A daidai nan wata wasiƙa ta zamo daga cikin kwat ɗin Genroku ta faɗi ƙasa. Wata ta biyo ta. Ta uku ta biyo. Ashe tun safe ya cusa su. Sannan a hankali ya juyo da kai ya buɗe ido ɗaya.

Ban taɓa jin zauren nan ya ɗauki ƙara irin ta ranar ba. Tsofaffin da ake riƙowa su hau matakala suna dukan cinya suna share hawaye, shugaban unguwa ya koma ya zauna yana tari. Minti goma aka ba Genroku, ya yi ashirin da biyar. Kenzo kuwa ya daina kallon gwanin nasa, Fusae yake kallo. Idonta na kan kafaɗar tsohon. In maganarsa ta ja ƙafa sai ta riƙe zauren da ɗan guntun sauti har ya iso, in ya iso ta sake su, in zai ja numfashi ta katse, duk su katse tare da ita. Mutum sittin take juyawa daga kan kujerar ƙarfe, ba wanda ya san ana juya shi. Kenzo ya ji kansa ƙarami ƙwarai, ya tuna shekara hamsin yana sayen awara a hannun matar nan yana ganin ba ta san komai ba sai gishiri da waken suya. Sai wajen ƙarshe, a labarin yadda Genroku ya yi kwana uku sanye da haƙoran roban maƙwabcin gadonsa, ya ga ta dunƙule a kan jakarta kafaɗunta na girgiza, har sai da tsohon ya maimaita magana ɗaya sau biyu kafin a ji shi.

Da aka fara raba shinkafa da jan wake, Genroku na zaune a kekensa a ɗan ɗakin da ke bayan dandali, rigarsa sharkaf, Natsuko na goge masa wuya. Ya ce da Kenzo, "Jeka kawo mini matar nan."

Ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a hannu biyu. Suka daɗe suna kallon juna.

"Shekara ashirin da biyu ina jin ki ban san kamanninki ba," in ji shi. "Na ɗauka doguwa ce."

"Ni kuwa tsakiyar kanku na fi sani, Malam. A lokacin da gashi a wurin."

Natsuko ta yi dariya tana share ido. Shi kuwa bai yi ba, sai ma ya ɗaure fuska irin ta malami ga ɗalibi. "Amma yau kin taka mini magana. A labarin haƙora. Sai da na faɗa sau biyu. Tun da nake da ke ba ki taɓa yi mini haka ba, ko sau ɗaya."

Fusae ta sunkuya sosai. Da ta ɗago idanunta sun yi ja.

"A yi haƙuri, Malam. A wurin nan ba aiki nake yi ba. Ƙwace mini ta yi."

Tsohon ya kai hannu ya laluba har ya kamo hannun 'yarsa, ya riƙe gam.

"Kin ji abin da ta ce?"

"Na ji, Baba."

"To ki riƙe shi da kyau. Ranar da na mutu, in an ce ki tashi ki yi magana, shi za ki gaya musu."